Yadda ake zaga tsohon garin Leiden na ƙasar Holan da ƙafa a yini ɗaya

Duk baƙon da ya sauka wajena abu na farko da yake cewa shi ne a kaishi Amsterdam, ni kuma nakan ce toh za a je amma bari mu fara da Leiden tukunna. Dalili kuwa Amsterdam cunkoso ne, mutum zai wuni yana kaucewa mutane da kekuna ya dawo gida ƙafa na ciwo bai riƙe komai a kai ba, Leiden kuma ƙaramin gari ne da ƙafarka kawai zaka gama tsakiyarsa, kuma duk abinda ake zuwa Holan a gani, kanal ne (hanyar ruwa da aka haƙa ta ratsa gari), injin niƙa na iska ne, tsofaffin gidaje masu tsini ne, akwai shi a nan a waje ɗaya. Ana rubuta sunan Leiden amma a baki kamar "Laidan" suke faɗa, ka riƙe wannan saboda sanarwar cikin jirgi. Hanyar da zan baka ita nake bi da baƙina, duka duka bata wuce kilomita biyar zuwa shida ba, amma da tsaye-tsaye zata cinye maka yini.

Kafin ka fito daga gida akwai shiri. Zaɓi rana tukunna. In da hali ka zo Laraba ko Asabar domin ranakun kasuwa ne, ta Asabar tafi cika. Litinin ka barta, gidajen tarihi da yawa basa buɗewa ranar. Sannan in ba hayaniya kake so ba kar ka zo 3 ga Oktoba, zan faɗi dalili a gaba. Takalmi kambas ko wani mai laushin ƙasa, don titunan tsohon gari da jan bulo da ƙananan duwatsu aka shimfiɗa su, 'yan uwa mata dan Allah a ajiye mai tsinin nan a gida, wata baƙuwata sai da muka shiga shago ta sayi wani takalmin tun kafin azahar. Rigar ruwa tafi lema amfani saboda iskar ƙasar nan juya lema take yi kamar kwano. Ka saukar da manhajar Buienradar, tana nuna maka ruwan da zai sauko nan da awa ɗaya ko biyu, 'yan ƙasar da ita suke fita. Caji ya cika a waya, katin banki a aljihu domin wurare da dama basa karɓar tsabar kuɗi, in kaga an rubuta kalmar pin a ƙofa ko gefen kanta toh kati suke nufi. Sai gorar ruwa, ruwan famfonsu ana sha lafiya lau, kuma ka san bandakinsu babu buta, ƙaramar gora ta biyu a jaka zata rufa maka asiri. Ka yi alwalarka tun daga gida ka duba lokutan sallah na ranar, don a watan Disamba wajen huɗu da rabi na yamma rana ta faɗi, a watan Yuni kuwa har goma na dare da sauran haske.

Zuwa garin ba wahala. Daga filin jirgin sama na Schiphol bai kai minti ashirin ba a jirgin ƙasa, daga Den Haag kamar kwata, daga tsakiyar Amsterdam rabin awa da 'yan kai. Tashar da zaka sauka sunanta Leiden Centraal. Zaka iya sayen tikiti a inji ko kuma ka ɗora katin bankinka a ƙofar shiga ya yi ƙara, in ka sauka ka sake ɗorawa a ƙofar fita, da katin da ka shiga da shi zaka fita, kar ka shiga da waya ka fita da kati.

Yanzu dokar da tafi kowace doka, tun daga bakin tasha. Duk inda kaga hanya mai launin ja a gefen titi ta masu keke ce, ba taka bace. Ranar farko da na zo na tsaya a kai ina ɗaukar hoto hankalina kwance, sai ƙararrawa kirin kirin a bayana, kafin in waiga wata dattijuwa mai furfura ta shafe gefen jakata ta wuce tana faɗa da yarensu, ban ji me tace ba amma na san ba gaisuwa bace. Basa tsayawa. Kafin ka tsallaka ka duba hagu, dama, ka sake duba hagu, kuma in kuna da yara a riƙe hannunsu, ballantana a bakin kanal da mafi yawansu babu shinge.

Wasu 'yan kalmomi zasu sauƙaƙa maka karanta allunan titi: straat titi ne, steeg lungu, gracht kanal, brug gada, kerk coci, poort ƙofar gari, markt kasuwa, molen injin niƙa. Shikenan. Kusan kowa yana jin Turanci, kuma matambayi baya ɓata.

Toh bismillah. Fita ta ɓangaren da aka rubuta Centrum ka miƙe titin Stationsweg. Minti biyar zaka iso wata gada, ka tsaya a kanta ka dubi hannun hagu, ga injin niƙa nan tsaye da fukafukansa huɗu, shi ne De Valk, an gina shi a 1743, hawa bakwai, tsayinsa mita 29. Yanzu gidan tarihi ne, a ƙasa akwai ɗakunan da mai niƙan da iyalinsa suka zauna da kayansu yadda suke, kana hawa kana ganin duwatsun niƙa da manyan haƙoran katako da suke juya su. Matakalar sama tsani ce sosai, a tsaye take, ana saukowa ne da baya kamar mai sauka daga rumbu, mai babbar riga ya tattare ta da kyau. In ka kai barandar da ta zagaye shi zaka ga garin gaba ɗaya a shimfiɗe, ka nemi manyan coci biyu da suka fi komai girma ka sa musu ido, wajensu zamu nufa. Ni a ganina wannan hawan ya cancanci kuɗinsa tun da safe kafin ƙafa ta gaji.

Daga nan ka gangaro dandalin Beestenmarkt, sunan yana nufin kasuwar dabbobi, karar garin kenan a da, yanzu kujerun shan shayi ne da wurin hawa kwale-kwalen yawon kanal. Ka bi bakin ruwan Oude Singel kaɗan zaka ga wani gini mai tsakar gida da ƙofa babba, Lakenhal, na 1640. Nan ne sirrin arzikin garin. A ƙarni na 17 Leiden ita ce gari na biyu a girma bayan Amsterdam a yankin, kuma saƙa ce ta kaita can, yadin ulu. Duk yadin da aka saƙa sai an kawo shi wannan gidan masu dubawa sun duba saƙarsa da rininsa, in ya ci sai a maƙala masa hatimin darma, da wannan hatimin ake saye a ƙasashe masu nisa ba tare da ciniki mai tsawo ba. Kafin wani ya tambaya, a'a, atamfar Holan da iyayenmu mata suke ji da ita ba a nan ake yinta ba, ta kamfanin Vlisco ce a garin Helmond can kudu. A cikin Lakenhal akwai zanen da shahararren mai zanen nan na Holan, Rembrandt, ya yi yana saurayi na wani mai tallan tabarau, da wata tsohuwar tukunya da zan baka labarinta. Shawarata a nan: gidan tarihi ɗaya ko biyu kawai zaka shiga a yinin nan, garin yana da su da yawa, wanda yace sai ya shiga duka zai ƙare bai ga garin ba. In ba ma'abocin zane bane kai, kalli ginin daga waje ka wuce.

Koma Beestenmarkt ka shiga Morsstraat ka miƙe har ƙarshe, zaka tarar da ƙofar gari, Morspoort, ta 1669. Ƙofofi takwas ne a da, biyu suka rage, ita da Zijlpoort a can gabas. A gefenta akwai ɗan lambu da wani ƙaramin injin niƙa na katako, De Put, wannan ba tsohon bane, a 1987 aka sake gina shi a siffar na da. Tsallaka farar gadar da ke gabansa, ka dubi tsofaffin jiragen ruwa da aka ɗaure a bakin ruwan, ka faɗa lungun Weddesteeg. A nan aka haifi Rembrandt ranar 15 ga Yuli 1606, babansa mai injin niƙa ne a bakin wannan ruwan. Kar ka sa rai da yawa, gidan an rushe shi tuntuni, allo ne kawai a jikin bango da ɗan fili da mutum-mutumin yaro yana kallon hoto. Minti biyar ya isa.

Lungun zai fitar da kai Noordeinde, yi hagu, tafiya kaɗan sai ka yi dama ka shiga Rapenburg. A nan nake so ka rage sauri, don ni dai ban ga kanal da ya kai wannan kyau ba a duk inda na taka a ƙasar. Bishiyoyi a jere, gidajen attajiran da, ɗalibai zaune a bakin ruwa ƙafafu na lilo. Ka riƙa ɗaga kai sama, a jikin gidaje da yawa akwai shekarar gini da wani ɗan sassaƙe, kuma zaka riƙa ganin makullai biyu ja a gicciye a ko'ina, jikin gada, fitilar titi, har kwandon shara, tambarin garin ne, shi yasa ake mata kirari da garin makullai.

A hannun hagu, lamba 28, gidan tarihin kayan da ne, Rijksmuseum van Oudheden. Ko baka da niyyar zagawa ka leƙa zauren shiga, akwai wani ɗakin bauta na dutse sukutum da aka ɗauko daga Masar, na Taffeh, ya kai shekara dubu biyu. Lokacin da ake gina madatsar ruwa ta Aswan ruwa zai cinye tsofaffin gine-ginen Nuba, Holan na cikin ƙasashen da suka taimaka aka ceto su, sai Masar ta bata wannan kyauta, aka kwance shi dutse-dutse aka kawo aka sake haɗawa. In gida ɗaya zaka shiga yau ni wannan zan ce, saboda ɓangaren Masar ɗinsu da gawarwakin da aka naɗe.

Tsallaka ɗaya gefen ka nemi gida mai lamba 61. Ba a cika nuna wa 'yan yawon buɗe ido shi ba amma mu ya kamata mu sani. Gidan Snouck Hurgronje ne, malamin Larabci da ya shiga Makka a 1885 da sunan Abdul Gaffar, ya zauna watanni ya yi rubutu da hotuna, daga baya ya zama mai ba gwamnatin mulkin mallakar Holan shawara a Indonesiya kan yadda za a murƙushe Musulmin Aceh. Har yau ana muhawara kan ko musuluntarsa ta gaskiya ce. Nakan tsaya a ƙofar gidan in ce wa baƙina kun ga, ilimi da mulkin mallaka a gida ɗaya suka kwana. Karatun Larabci a wannan jami'ar ba na jiya bane, tun 1613 suke da kujerar farfesan Larabci, ɗakin karatunsu cike yake da rubuce-rubucen hannu na Larabci, kuma akwai cibiyar nazarin Afirka a garin mai babban laburare, ɗalibanmu masu bincike su riƙe wannan.

Gaba kaɗan, lamba 73, shi ne tsohon ginin jami'a, asalinsa ɗakin ibadar mata masu zaman zuhudu ne. Jami'ar Leiden ita ce mafi tsufa a ƙasar, an kafa ta 8 ga Fabrairu 1575, kuma labarin kafuwarta shi ne labarin garin gaba ɗaya, don haka nemi benci ka zauna. A lokacin Holan na yaƙin ƙwatar kai daga Sifen. Sojojin Sifen suka yi wa garin ƙawanya a 1573, suka ɗan janye, suka dawo a 1574, ba shiga ba fita, abinci ya ƙare, yunwa da annoba suka kashe dubban mutane. Ana ba da labarin cewa da jama'a suka taso wa magajin gari Van der Werff kan ya miƙa wuya sai yace abinci dai bashi da shi amma ga jikinsa su yanka su ci. Dabarar da ta cece su irin ta mutanen ƙasar ce: aka fasa ganuwar da ke tare ruwa da gangan, ruwa ya malale gonaki, mayaƙan Willem na Oranje, jagoran yaƙin ƙwatar kan, suka taho a jiragen ruwa masu faɗin ciki ta kan gonakin. Daren 2 ga Oktoba Sifaniyawa suka gudu, da safe 3 ga wata jiragen suka shigo da kifin herin da farin burodi. Wai wani yaro maraya ne ya lallaɓa sansanin abokan gaba ya tarar ba kowa sai tukunya a kan wuta da dafaffen abinci, ita ce tukunyar da nace tana Lakenhal, abincin kuma shi ne asalin hutspot, wanda yanzu ake yi da dankalin turawa da karas da albasa a dame su waje ɗaya. Har yau duk 3 ga Oktoba garin hutu yake, a raba kifi da burodi, a ci hutspot, a cika tituna da kiɗa da lilo da shaye-shaye, ko wajen sa ƙafa babu. Bayan 'yan watanni da wannan ceto aka basu jami'a. A cikin ginin akwai wani ɗan ɗaki da ake kira ɗakin gumi, inda ɗalibai suke jiran sakamako a da, wanda ya gama digiri sai ya sa hannu a bango, har Mandela da Churchill sun sa nasu. Sarkin ƙasar na yanzu ma Willem-Alexander a nan ya karanta tarihi.

Ta gefen ginin ake shiga lambun Hortus, na 1590, ana biya. Wani masanin tsirrai Clusius ya zo a 1593 da kwararan furen tulif ya shuka a nan, furen da yanzu duniya take ɗauka na Holan ne alhali ta hannun Turkawa ya iso Turai. In lokacin sanyi ka zo ka shiga ɗakunan gilashin da ake ɗumama wa tsirran ƙasashen zafi, wallahi ranar da na fara shiga naga ayaba da gwanda sai da naji kamar in shimfiɗa tabarma, gilashin idona ya yi hazo, na cire jaket na tsaya kawai ina shaƙar ɗumi. Wajen zama ne mai kyau kuma akwai bandaki.

Fito ka haye gadar da ke gaban jami'ar ka shiga lungun Kloksteeg. A nan zan koya maka abinda yawancin baƙi suke wucewa basu sani ba. A lamba 21 akwai ƙofa kamar ta gidan mutane, in a buɗe take da rana ka shiga a hankali. Ciki tsakar gida ce da furanni, ƙananan gidaje sun zagaye ta, shiru kamar ba a tsakiyar gari ba. Sunan irin wannan hofje, attajiran da ne suke ginawa sadaka don tsofaffi da marasa ƙarfi su zauna, kusan kamar waƙafi, akwai guda 35 a garin. Wannan na Jean Pesijn ne, na 1683. Amma fa mutane ne suke zaune a ciki har yanzu, saboda haka ba ɗaga murya, ba leƙa taga, ba zama a kujerar ƙofar wani, in kun fi mutum huɗu ku shiga kashi-kashi, in kaga ƙofa a rufe kar ka ƙwanƙwasa. Wanda ka haɗa ido da shi ka ɗan gyaɗa kai kace hallo.

Ƙaton ginin da ke fuskantarka Pieterskerk ne, an fara wannan ginin a 1390, yana da hasumiya doguwa a da amma ta rushe a 1512 ba a sake ta ba. Yanzu ba a ibada a ciki kullum, taro ake yi da baje koli har da jarrabawar ɗalibai. Amurkawa suna yawan zuwa nan domin waɗansu Ingilishi da suka gudo saboda rikicin addini sun zauna a unguwar daga 1609 zuwa 1620, daga cikinsu ne aka samu waɗanda suka haye teku zuwa Amurka a jirgin Mayflower, limaminsu John Robinson bai bisu ba, ya rasu a 1625 an binne shi a cocin. Zagaya bayan ginin kaga Gravensteen, tsohon kurkuku da filin da ake zartar da hukunci a gabansa, da makarantar Latin da Rembrandt ya yi a lungun Lokhorststraat.

Dawo kusurwar Kloksteeg da Nieuwsteeg ka ɗaga kai, akwai waƙa da harshen Rasha rubuce a bango. Ita ce ta farko, 1992, daga ita aka ci gaba har suka haura ɗari a bangunan garin, kowace da harshenta da rubutunta, akwai na Larabci, na Japan, na Sin da sauransu. In da yara a tafiyar ka sa su gasar ƙirgawa, zasu manta da gajiya. Bi Nieuwsteeg har bakin ruwa, tsallake akwai lambun Van der Werff da mutum-mutumin magajin garin nan. Filin ba haka kawai ya samu ba, ranar 12 ga Janairu 1807 wani jirgin ruwa maƙare da albarushi ya fashe a wannan kanal, mutum 151 suka mutu, unguwa guda ta zama kufai. Ginin da ke kallon lambun kuma a cikinsa ne Kamerlingh Onnes ya fara mayar da iskar hiliyom ruwa a 1908, ya ci kyautar Nobel a 1913. A wannan lambun nake yin azahar in yanayi ya yi kyau, can gefe kan ciyawa da 'yar dardumata, ba wanda ya taɓa ce min komai. In kafi son jam'i akwai masallatai a garin, ka rubuta Al Hijra a taswirar wayarka, sai dai yana wajen da'irar tamu, ka ware masa lokaci.

Yunwa ta fara ko? Bi bakin ruwan har ka fita Breestraat ka yi hagu, a kula da kekuna a nan sosai. Doguwar fuskar dutse mai matakala biyu ita ce gidan hukumar gari, ta ƙarshen ƙarni na 16, gobara ta cinye ginin a watan Fabrairu 1929 fuskar ce kawai aka ceto, bayanta duk sabon gini ne. Ka matsa kusa da bangon ka nemi ma'aunin tsayi da aka kafa a jiki, nan ne mai saye da mai sayarwa suke zuwa a raba musu gardama in an yi musun awo. Sai ka bi lungun gefe ka fito Koornbrug, gada mai rumfa biyu, a ƙarƙashin rumfar ake cinikin hatsi don kar ruwa ya jiƙa shi. In ranar kasuwa ce duk bakin ruwan nan rumfuna ne. Abinda zaka ci: kibbeling, soyayyen kifi gutsi-gutsi da miyar tsoma, da zafinsa, wannan ba wanda na ba yace bai so ba. Stroopwafel wanda aka gasa a gabanka, ba na leda ba. Kifin herin kuwa ɗanye ne da gishiri da yankakkiyar albasa, ana kama wutsiya a ɗaga kai a zura, ni sau ɗaya na gwada na gode Allah, amma ka gwada kai ma. Wajen nama a kula, varken alade ne, haka spek da ham, kuma soyayyun abubuwan nan dogaye na shagon cips kar ka ci sai ka tambaya. Shagunan Turkawa da 'yan Maroko suna nan da yawa da alamar halal, ka ce a baka kapsalon, cips ne da shawarma da cuku da ganye a kwano ɗaya, zai riƙe ka har dare. Wani abu kuma, in shayi ko kofi kake nema café zaka shiga, inda aka rubuta coffeeshop wiwi ake sayarwa, kar Alhaji ya shiga da carbinsa yana neman shayi.

Ka ci ka ƙoshi sai ka haye gadar ka miƙe lungun Burgsteeg, ƙofa mai zaki a sama zata kai ka Burcht. Tudu ne da mutane suka tara da hannu tun wajen ƙarni na 11 a inda rassan kogin Rhine biyu suke haɗuwa, aka zagaye kansa da ganuwa. Shiga kyauta ne. A ƙasar da take shimfiɗe kamar faranti wannan ɗan tudun dutse ne a wajensu. Hau matakala ka zaga saman ganuwar, Hooglandse Kerk na nan dab da kai kamar ka miƙa hannu, Pieterskerk can, De Valk da ka hau da safe can nesa, sai kaga ashe duk tafiyar da ka sha a tafin hannu take. In son samu ne ka iso nan da la'asar sakaliya lokacin da rana take dukan jan rufin gidajen, hoton da zaka tura gida a nan yake.

Saukowa, in da sauran ƙarfi ka zaga Hooglandse Kerk ta Nieuwstraat, akwai ƙananan gidaje manne a jikinta. In babu ka koma bakin ruwa ka bi shi yamma zuwa inda rassan biyu suka haɗe, zaka ga Waag, gidan awo na 1659 inda ake auna kayan da jirage suka kawo, a nan ake rabon kifi da burodin 3 ga Oktoba. Haye zuwa Haarlemmerstraat, titin shaguna ne dogo, in akwai tsarabar da zaka saya ka saya yanzu don yawancinsu wajen shida suke rufewa. Ka yi hagu ka miƙe, zai kai ka gadar da ke kusa da Beestenmarkt, daga nan Steenstraat, Stationsweg, tasha, kamar minti goma sha biyar in ba a tsaya ba. A allon tasha ka duba lambar layin jirginka da kyau don na Amsterdam iri biyu ne, wani ta Schiphol wani ta Haarlem, kuma katin da ka shigo da shi da safe shi zaka sake ɗorawa.